Nababa Ya Kira Gayya da Haske

A shekarar da ƙarfen sabis na hanyar Makoda ya mutu murus don babu man janareta, shekarar da masu babur ke kashe inji in sun zo gangara saboda tsadar fetur, a shekarar ce Allah ya jarrabe mu da dawowar Nababa. Mu mutanen Kwarin Gawo mun sha tsadar taki, mun sha tsadar hatsi, amma wallahi duk cikinsu babu wanda ya kai Nababa sa ciwon kai.

Shekara shida ya yi yana gadi a wata makarantar koyon sana'a a Kano. Gadi fa nake gaya muku, buɗe ƙofa, rufe ƙofa. Amma ranar da ya diro garin nan da wani kwali a ka, sai ya ce daga yau sunansa Injiniya. In ka ce, "Nababa, ina kwana?" sai ya waiga yana neman wanda kake gaisarwa.

Abin da ke cikin kwalin kuwa aikin jarrabawar wasu ɗalibai ne, sun gama sun jefar a bayan aji, shi kuma ya tsince. Ya zazzage mana shi a gindin gawo bayan la'asar: wata 'yar fitila siririya kamar biro mai fitar da koren haske, da makirfo, da batir biyu, da lasifika, da ɗan farantin sola da aka cusa cikin guntun bututun roba.

"Wannan ita ce lesa," in ji shi, yana ɗaga fitilar sama. "In na yi magana a makirfo, muryata za ta hau hasken nan ta tafi. Da hasken ya sauka a kan farantin can, lasifika za ta maimaita abin da na faɗa. Ba waya, ba kati, ba sabis. Hawa kan tudu da kuke yi kuna ɗaga wayoyi sama kamar masu roƙon ruwa, daga yau ya ƙare."

Malam Hadi, malamin firamarenmu, ya karɓi fitilar ya jujjuya ta. Mutum ne mai sanyin magana.

"Abin yana aiki, na san irinsa," in ji shi. "Amma fa sai sarari ya yi garau. Hazo, hayaƙi, ruwan sama, duk warwatsa haske suke yi. Ko rana ma, in ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa, hasken ma rawa zai yi ya kauce wa farantin."

"Malam, koma ka koyar da abacada," in ji Nababa. "Iska kuma? Iskar da nake hurawa da bakina ce za ta tare lesa? Abin da ake yanka ƙarfe da shi a Turai?"

"Ba irin wannan ba."

"Ƙanwarta ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

To, a daminar nan, gwaggonsa Jumma tana cikin matsi. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun tafi kudu neman abinci, shiru kake ji. Geronta ya kai gwiwa, ciyawa ta fara shaƙe shi, gonar tana neman huɗa. In aka wuce 'yan kwanakin nan ba a huɗe ta ba, bana sai dai ta girbi ciyawa. Shi ya sa ta raba goron gayya a Tudun Ɗorawa, garin kawunnanta, mutum talatin suka karɓa.

Danga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma matata Huseina ce ta taya ta sussuka, don haka na san abin da gari bai sani ba. Dami ukun da ta sauko da su domin abincin gayya, su ne na ƙarshe. Rumbun ya zama wayam. Ta roƙi Huseina kada kowa ya ji. Tsohuwa ce mai son rufin asiri, ranar da ba ta da abin ɗorawa ma sai ta hura wuta don a ga hayaƙi a gidanta.

Ga yadda muke gayya da mutanen Tudun Ɗorawa. Daga bayan gidajenmu kana hango rufin masallacinsu, amma fadama ce a tsakani, in ta cika sai an zaga ta gada, tafiyar awa biyu a ƙasa. Kuma ba mutum ke sa ranar huɗa ba, sama ce ke sa ta: duk safiyar da aka wayi gari an sha ruwa, ƙasa ta yi laushi, ita ce rana. Bayan sallar asuba Ɗanliti makaɗi zai tsaya a bakin fadama ya buga gangar noma, take guda da kowa ya sani. In suka ji, su saɓa garemani su taho, kafin hantsi sun iso. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

Nababa ya ce wannan ƙauyanci ne, bana lesa ce za ta kira gayyar gwaggonsa.

Ya kai faranti da lasifika can tsallake, ya ɗora a kan soron Uwaisu, sarkin noman Tudun Ɗorawa. Ya dawo ya ɗaure fitilar a reshen gawo. Ƙaya ta yage masa wando tun daga cinya, iska kuma tana kaɗa reshen, ɗigon hasken ya yi ta yawo a garin mutane daga garken awaki zuwa rawanin liman. Ya sauko ya ce bishiyar ba ta yi makaranta ba. Sai ya jingina tsani a rumbun Gwaggo, ya ɗaure fitilar a ƙololuwar jinka.

"Kada dai ka buɗe min rumbu," in ji Gwaggo.

"Me zan yi da rumbunki, Gwaggo? Kan kawai nake so."

Abin haushin shi ne, ya yi aiki. Wata Laraba dab da magariba, yayyafi ya wanke sama, sarari ya yi tas, Nababa ya kwashe kusan awa yana saiti, ya gyara murya ya ce, "Mutanen Tudun Ɗorawa, Injiniya ke magana." Washegari Uwaisu ya zago ta gada da kansa yana rantsuwa cewa sun ji tar, har da kakin da ya yi, kaji ma sun watse.

Shi ke nan, kan Nababa ya ƙi shiga hula. A gaban jama'a ya dafa kafaɗar Uwaisu ya ce, "Ranar gayya kada ku motsa sai kun ji muryata. Ganga ko za ta fashe kada ku kula ta." Uwaisu, da mamakin jiya bai sake shi ba, ya ce to.

Sannan ya juyo kan Ɗanliti. "Baba Ɗanliti, fatar akuya ta yi ritaya."

"Fatar sa ce," in ji Ɗanliti.

"To ta yi ritaya da girma."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Na rataye ta. Ranar da ka neme ni, ka zo da bakin nan naka."

Gwaggo dai hankalinta bai kwanta ba. Ta kira shi gefe, ina ji ta danga. "Nababa, abincina fa. In na dafa ba su zo ba, ba ni da na biyu."

"Haba Gwaggo! Kafin ki sauke tukunya sun iso. Ke fa gwaggon Injiniya ce."

Ta ƙyale shi. Ɗan da ta goya ne, ga gari na yabonsa, ba ta so ta zama ita ce mai kunyata shi.

Kwana uku bayan nan aka kwana ana sheƙa ruwa. Da asuba ƙasa ta yi luguf, fadama ta cika maƙil. Gwaggo da Huseina da mata biyu suka ɗora manyan tukwane uku, garin gero ya shiga ruwa. Daga nan kuma babu komawa baya.

Muka fito daga masallaci sai muka ga ba ma ganin komai. Farin hazon damina ya taso daga fadama ya kwanta a kan gari, mutum na gabanka taku ashirin sai muryarsa. Irin safiyar nan ce gangar Ɗanliti ke tafiya har ka ji ta dawo maka. Nababa ya hau tsani, ya cire ledar da ya rufe fitila da ita, ya kunna. Hasken ya fita kamar zira'i goma, ya narke cikin hazo ya zama wani kore-kore, ya tsaya nan.

"Mutanen Tudun Ɗorawa, Injiniya ke magana! Ku taho!"

"Mun ji," in ji wani daga ƙasa. "Amma mu 'yan Kwarin Gawo ne."

Malam Hadi ya ce, "Ƙananan ɗigon ruwa ne cike da iskar, kowanne yana karkatar da hasken. Ko gonar Gwaggo bai tsallake ba."

"Hazon ne ya yi wa fitilar kusa. A kawo tabarmi!"

Aka kawo. Magidanta takwas, kowa da gemunsa, muka jeru a bayan rumbu muna yi wa fadama fifita. Har da ni, Allah ya yafe mini. Ɗanliti ya zo ya zauna a kan wani kututture ya harɗe hannu, ya ce mu ƙara ƙarfi ta hagu, ya ga kamar ta fara jin sanyi.

"A tura mutum ta gada mana," in ji Huseina daga madafa.

"Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa?" in ji Nababa. "Minti biyar nake nema, hazon nan zai tashi."

Minti biyar ɗin Nababa ya kai mu hantsi. Da hazon ya ɗaga, sai ga wata sabuwa. Icen duk ya sha ruwan daren jiya, murhu uku suna tuttuɗo da hayaƙi mai kauri, iska kuma tana kwaso shi daidai bakin fitila. Koren hasken ya fito sarai a cikin hayaƙin kamar zare, gwanin sha'awa, amma daga can gaba ba ka ganin komai.

"Kun gani?" in ji Nababa yana tari. "Ga shi nan yana tafiya!"

"In kana ganinsa a hanya, to a hanyar yake zubewa," in ji Malam Hadi.

"Gwaggo, a kashe wuta!"

"In kashe wuta tuwo na kan murhu? Ka haukace ne?"

"Kimiyya ce ta ce."

"Kimiyyar ta zo ta faɗa min da bakinta."

Kafin wani ya tare shi, ya diro daga tsani ya suri bokiti ya sheƙa wa murhun tsakiya ruwa. Fuuu! Tururi da toka suka tashi suka rufe tsakar gida, rabin tokar ta sauka cikin miyar kuka. Hayaƙin da yake son kashewa ya ninka uku. Gwaggo ta zaro muciya daga tukunya, tuwo na ɗiga, ta bi shi suka zaga rumbu sau biyu. Da bai haye tsani ba da ta yi masa saiti irin nata. Mata suka durƙusa suna hura jiƙaƙƙen ice, idanu jajur, suna yi masa addu'o'in da ba zan maimaita ba.

Sai da rana ta take aka sauke tukwane, hayaƙi ya lafa. Sama ta washe, babu hazo, babu gajimare. An kwashe tuwo an jera a kwanuka talatin an rufe da faifai. Nababa ya bugi ƙirji.

"To yanzu, Malam, sai me? Ga sarari garau."

Malam Hadi ya nuna tsallake. Rana ta gasa jiƙaƙƙiyar ƙasa, kawalwalniya ta taso a kan fadama. "Dubi rufin masallacinsu. Ka ga yana rawa?"

"Malam, ka ji tsoron Allah. Masallaci ne zai yi rawa?"

"Iskar da ke tsakani ce take rawa. Mai zafi na tashi, mai sanyi na sauka. Yadda kake ganin rufin nan, haka ɗigonka yake tsalle a can, ya taɓa faranti ya kauce."

Gaskiyarsa ce kuwa. Daga baya Uwaisu ya ce abin da ya fito daga lasifika a lokacin nan ƙara ce kamar ta suyar ƙosai.

Nababa ya yi ihu a makirfo har muryarsa ta dishe. Ba kowa a hanyar gada. Gwaggo ta fita ƙofa ta leƙa, ta dawo, ta sake fita. Ƙudaje sun fara zagaya kwanuka. Rabin gari kuma ya taru a tsakar gidanta, kowa ya bar gonarsa ya zo kallo.

"Tsayi ne bai isa ba," in ji Nababa. "In na ɗaga ta sama da iskar mai rawa, shi ke nan."

"Sauko, jinkar nan ta tsufa," in ji Gwaggo.

Ina! Ya kwance fitila, ya taka kan jinka da ƙafa biyu, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama. "Mutanen Tudun Ɗorawa, Inji..."

Ɓurum! Sai ƙura. Fitila ta yi sama ta faɗo gaban Huseina, Injiniya kuma ya yi ƙasa. Jama'a suka kwashe da dariya, wani har da faɗuwa. Sai ga muryarsa daga cikin rumbu, tana amsa kuwwa, kowa na ji.

"Wayyo bayana! Gwaggo, ai babu komai a ciki! Ko zangarniya ɗaya babu da za ta tare ni! Ina geron naki?"

Dariya ta ɗauke ɗif.

A garinmu ba a leƙa rumbun mutum, ko na ɗan'uwanka ne. Gwaggo ta dubi kwanukan nan talatin, ta dubi jama'a, kowa kuma ya gane abin da aka dafa. Ta zauna a kan turmi ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi kuka da sauti ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Wallahi na ji tausayinta har cikin raina, na kuma ji kunyar tabarmar da na riƙe da safe. Da an ba ni dama a lokacin nan da na liƙe bakin rumbun da laka.

Ɗanliti, da ya zo don ya ga ƙarshen cika baki, ya miƙe ya fita. Ba wanda ya roƙe shi. Jim kaɗan sai muka ji ta daga bakin fadama, gangar noma, take guda, yana dukanta kamar zai fasa fatar. Magidantan da suka zo kallo suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya, kowa ya dawo da garmarsa a kafaɗa.

Dab da la'asar Uwaisu ya iso da mutum goma sha ɗaya, gumi sharkaf.

"Tun asuba muna zaune mun zuba wa lasifika ido kamar masu jiran gawa," in ji shi. "Sauran sun gaji sun tafi gonakinsu. Da na ji ganga na ce ko an hana, wannan dukan ba na lafiya ba ne. Ina Injiniyan?"

"Yana ofis," in ji Huseina, ta nuna rumbu.

Sai a lokacin aka tuna da shi. Muka zura igiyar guga muka jawo shi, kai duk yayi da yanar gizo. Ya fara cewa gwajin ya nuna cewa in aka samu fitila mai ƙarfi biyu, sai Uwaisu ya danƙa masa garma a hannu.

"Ga mai ƙarfi ɗaya. Kuyyar farko a huɗar nan taka ce."

Aka shiga gona. Ɗanliti ya bi bayan Nababa da ganga, taku da taku, yana yi masa kirari: "Injiniya mai yi wa fadama fifita! Na Gwaggo mai shiga rumbu ta ka! Sara, ƙasa ba ta san lesa ba!" Shekara shida rabon hannunsa da ƙota, kafin kuyya ta uku tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu. Duk sanda ya miƙe zai yi bayani, sai ganga ta rufe masa baki.

Rana ta faɗi an huɗe kashi biyu cikin uku. Uwaisu ya tsaya a inda aka tsaya ya kafa kara. "Daga nan zuwa iyaka na Injiniya ne, shi kaɗai. Kullum zan riƙa hango shi daga kan sorona, in sarari ya yi garau." Sannan ya rage murya ya ce wa Gwaggo gobe zai aiko mata dami biyu. Ta sunkuyar da kai ta yi godiya. Abin da ta shekara tana gudu ke nan, a san halin da take ciki har a tausaya mata.

Aka fito da tuwo, ya yi sanyi ƙarara, miya da ɗanɗanon toka. Ba wanda ya yi ƙorafi, mun san abin da muke ci. Nababa ya rarrafo ya zauna a ƙarshen layi, yunwa ta sa idonsa ya faɗa. Gwaggo ta miƙa masa kwano da hannunta. Ya buɗe faifai, babu komai a ciki.

"Riƙe shi daidai, kada ka motsa," in ji ta.

Ta ja da baya taku goma, ta ciro daga gefen zaninta fitilar da Huseina ta tsinto mata, ta danna. Koren ɗigo ya sauka a tsakiyar kwanon.

"Ga tuwonka nan na turo maka. Ba waya, ba kati."

"Gwaggo, ai ban ga komai ba."

"To hazo ne ya tare shi a hanya," in ji ta. "Ka ba shi minti biyar."

Ta mayar da fitila cikin zani ta shige ɗaki. Har Huseina ta gama wanke tukwane yana nan zaune da kwano a hannu.